Ranar da Kawu Ya Miƙe a Kotu

A kotun nan, idan magatakarda ya miƙe kafin a kira shari'ar farko, riƙe da takarda guda ɗaya maimakon tarin fayil, to an taɓa wani lauya. Lauyoyi sun san wannan miƙewar. Nan take hira take mutuwa a kan bencinsu, mai gyara wuyan riga ya bar gyara, kowa ya shiga tuna abin da ya aikata a 'yan watannin nan.

Ranar da takardar ta zama ta Kawu, 'yar ƙanwarsa tana zaune a benci na biyu, cikin baƙar rigar aiki da ko laushi ba ta gama yi ba. 'Yar Kawu ake ce mata a duk harabar kotun, daga masu gadi har alƙalai. Shi ya rene ta tun tana rarrafe, bayan rasuwar mahaifiyarta, shi ya kai ta makaranta, kuma a ofishinsa take aiki tun da ta zama lauya. Ta san da hukuncin, ai tare suka je gaban kwamiti. Amma ba ta taɓa zaton muryar magatakarda za ta iya kashe mata jiki haka ba.

Ya karanta kamar mai karanta farashin kaya. Kwamitin ladabtar da lauyoyi ya dakatar da Kawu shekara biyu. An sa alama da jan alƙalami a gefen sunansa a babbar rajistar lauyoyi, an kuma aika wa kowace kotu kwafin umarnin. Ba zai tsaya wa kowa a gaban alƙali ba, ba zai rubuta takardar shari'a ba, ba zai ba da shawara ba, hatiminsa kuma ya mayar. Sai magatakarda ya juya takardar, ya karanta sakin layi na ƙarshe: duk lauyan da ya ara masa sunansa, ko ya bar shi yana aiki ta ƙarƙashin hannunsa, za a share nasa sunan daga rajista, sharewa ta har abada.

Ba wanda ya juyo ya dube ta. Da sun juyo ma da ya fi mata sauƙi.

Alƙaliyar kotun ta karɓi takardar, ta rubuta a littafin zaman kotu cewa an karanta umarnin a bainar jama'a. A bayan idonta Maimaita lauyoyi suke kiranta. Ba ta tsawa, ba ta zagi. Idan ka yi maganar da za ta cutar da kai, sai ta ɗago ta dube ka ta saman tabarau, ta ce, "Maimaita a hankali, ina rubutawa." An ce akwai manyan lauyoyi masu furfura da wannan jimlar take biyo su har cikin barci.

Laifin Kawu kuwa ba sata ba ne, ba zamba ba. Wasu 'yan uwa biyu ne suke shari'a a kan shagon mahaifinsu, Kawu yana tsaya wa babban. Wata rana ƙaramin ya zo ofis yana hawaye, Kawu ya zaunar da shi, ya zuba masa shayi, ya shiga ba shi shawara shi ma, wai don ya sasanta su. Sulhu ya wargaje, babban ya kai ƙara. A wurin mutanen unguwa wannan halin kirki ne. A wurin kwamiti kuwa, tsayawa ɓangare biyu ne a shari'a ɗaya. Ni dai a ganina kwamiti bai yi ƙarya ba, Kawu ma bai yi mugunta ba, taurin kai ne kawai irin na wanda ya daɗe yana ganin ya fi doka sanin mutane.

Kafin mako ya zagayo, umarnin ya riga ya bi ko'ina. An manna shi a allon sanarwa. An manna wani a gilashin tagar da ake karɓar takardu, inda akawun da suka yi shekaru suna gaishe da Kawu da hannu biyu suka koma duba ƙasan kowace takarda daga ofishinsa, su ɗago su dubi 'Yar Kawu, su sake dubawa. A ɗakin da lauyoyi suke sa riga, an ɓamɓare sunansa daga kan ƙugiyarsa, sai tabon gam. Ita da kanta ta sa aka shafe sunansa da fenti a allon ofis, amma idan rana ta buga allon da hantsi, haruffan suna nan suna leƙowa daga ƙarƙashi.

Da farko ya zauna a gida. Ya gyara famfon da bai lalace ba. Ya koya wa Inna, matarsa, yadda ake jera kwanuka, ita da ta tsufa tana jera su. Ranar da ya tsare mai gyaran wuta da tambayoyi kamar shaida a gaban alƙali, har bawan Allah ya gudu ya bar sukudirebarsa, Inna ta ja 'Yar Kawu zuwa kicin.

"'Yar nan, ki tafi da kawunki ofis. Ko kujera ce ki ba shi ya zauna. Zaman gidan nan zai kashe shi, in bai riga ya kashe ni ba."

"Inna, doka ta hana."

"Doka ta hana mutum zama a kan kujera? To wace irin doka kuka karanta?"

Washegari Inna ta zuba abincin mutum biyu a kula, ta miƙa wa Kawu, ta ce su ci tare a ofis. Haka ta ci gaba da yi kullum.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman shagon sayar da fenti. Akwai matakala ta gaba, akwai ta baya da take sauka cikin lungun da ake zubar da gwangwanaye. Ta baya Kawu yake hawowa, ya shige ɗakin ciki, tsakanin kantocin fayil, ya tura ƙofa. Ya ce shayi kawai zai sha ya karanta jarida. Bai rufa kwana uku ba ya fara leƙa abin da take bugawa a kwamfuta ta bayan kafaɗarta.

"Wannan jimlar gurguwa ce, Lauya. Ba ni nan."

Daga gyara jimla aka koma gyara shafi. Daga shafi aka koma ya rubuta da hannunsa, ita ta buga, ta sa hannu, ta danna nata hatimin. Ta riƙa yayyaga rubutunsa ƙanana-ƙanana, ta zuba a jakarta, ta zubar a kwandon shara na wata unguwa daban. Duk takun da ta ji a matakalar gaba sai gabanta ya yanke ya faɗi. Wata rana wani mutum cikin kwat ya hawo, ya tsaya yana ƙare wa ofishin kallo, ya ce, "Babban lauya yana ciki?" Ashe tawadar na'urar buga takardu yake talla. Bayan ya sauka sai da ta zauna a ƙasa ta jingina da bango.

"Kawu, don girman Allah ka koma gida," in ji ta ranar.

Ya ɗago daga kan fayil yana murmushi. "Korata kike yi, Lauya?"

"Ba kora ba ce. Tsoro nake ji. Sunana ne a ƙasan takardun nan. Ka ji abin da aka karanta."

"Na ji, ai sunana aka karanta. Wa ya gan ni ina rubutu? Na sha gaya miki, a aikin nan abin da bai shiga littafin kotu ba bai faru ba. Abin da ya shiga kuwa, ko ba a yi shi ba an yi shi. Sha shayinki."

Ni ban ga laifinta ba. Wanda ya ɗora ka a kafaɗa ya kai ka aji ɗaya, ya zauna a bayan ɗaki yana share hawaye ranar da ka sa hannu a babbar rajista, da wane baki za ka ce masa fita? Ta ƙyale shi, ta rame, barci ya zama sai an yi sa'a. Inna ta ce aiki ne ya yi mata yawa, ta ƙara mata abinci a kular.

Akwai shari'a guda da Kawu ya ɗauka tamkar ta gidansa, shari'ar wani mai walda da wani kamfani yake neman ƙwace filin da ya kafa rumfarsa. Shekaru ya yi yana janta, ga shi ta zo gangara, saura shaidar kamfani na ƙarshe. Kawu ya kwana biyu yana rubuta hujjojin da za a miƙa. 'Yar Kawu ta buga, tana bi tana cire duk wata magana mai warin bakinsa. Domin Kawu yana da tasa jimlar da kowa ya san shi da ita. Idan zai sauke hujjar da ba ta tashi, sai ya fara da, "Ba sai an je da nisa ba." Har kwaikwayonsa ake yi da ita a ɗakin sa riga. Ta cire duk inda idonta ya gani.

Da safiyar ranar ta fito ta same shi a tsakar gida ya shirya tsaf, cikin kayan gida masu tsabta.

"Kawu, ina zuwa?"

"Kotu."

"Kawu!"

"Kotu ta jama'a ce. Nuna mini inda umarnin ya hana ni zama cikin 'yan kallo. Zan zauna kamar dutse. So nake kawai in ga ƙarshenta da idona."

A ɗakin shari'ar akwai shingen katako da bai wuce ƙugu ba, shi ya raba bencin lauyoyi da na jama'a. Tun kafin a haifi 'Yar Kawu, Kawu yake zama a gaban wannan shingen. Ranar ya zauna a bayansa, daidai saitin ƙeyarta, kusa da mai walda. Tana jin warin man zafin da yake shafa wa gwiwarsa. Lauyoyi suka shigo, wasu suka ɗan rusuna masa daga nesa, wasu suka yi kamar takalminsu ne yake da magana. Alƙaliya ta shigo, aka miƙe, aka zauna. Idonta ya bi ta kansa sau ɗaya ya wuce.

Alƙaliya ta buɗe takardar hujjojin tana dubawa, shafi bayan shafi. A na ƙarshe hannunta ya tsaya.

"'Ba sai an je da nisa ba,'" ta karanta a fili. Ta ɗago ta saman tabarau. "Na kwana biyu ban ji wannan ba."

Wani a benci na uku ya yi ƙaramin tari. Zufa ta keto wa 'Yar Kawu tun daga tsakiyar kai. Jimla guda ɗaya ta tsere mata, guda ɗaya tak, a can ƙasan shafi. Alƙaliya ta dube ta, ta dubi bayanta, sannan ta rufe takardar ta ce a kira shaida.

Lauyan kamfanin, wani da ake kira Dogo, ya fara yi wa shaidarsa tambayoyi cikin sanyin murya. 'Yar Kawu tana jin maganar tana shiga ta fita. Hankalinta yana kan jimlar nan, yana kan jan alƙalami. Can Dogo ya zaro wata taswira daga ƙarƙashin fayil ɗinsa, ya miƙa wa shaida kamar abin da ba komai ba, ya ce ya nuna wa kotu iyakar filin. Taswirar ba ta cikin takardun da aka yi musaya tun farko. Ƙa'ida ita ce takardar da ba a nuna wa ɗaya ɓangaren ba ba ta shiga, amma sai an tashi an ce ba a yarda ba kafin alƙali ya sa mata lamba. Idan ya sa, ta shiga ke nan. 'Yar Kawu ta san haka sarai. Ta ga taswirar tana tafiya daga hannun shaida zuwa hannun magatakarda, daga nan zuwa teburin alƙaliya. Ta ce wa ƙafafunta su tashi, suka yi jinkiri. Alƙaliya ta ɗauki alƙalami.

Bencin bayanta ya yi ƙara.

"Ban yarda ba, ya mai shari'a!"

Muryar ta cika ɗakin har bango. Kawu yana tsaye ƙyam, ya ɗan rusuna irin rusunawar lauyoyi, hannunsa na dama ya tafi kafaɗa zai gyara baƙar rigar da ba ta jikinsa. Sai da yatsunsa suka kama iska sannan ya farga. Fuskarsa ta sauya a gaban kowa. Ba da niyya ya yi ba, wannan kowa ya gani. Jikinsa ne ya ji an yi ba daidai ba ya tashi, yadda ya saba tashi tun yana saurayi.



Alƙaliya ta ajiye taswirar a gefe. Ta jawo littafin zaman kotu, ta buɗe sabon shafi.

"Mutumin da yake tsaye cikin jama'a. Maimaita a hankali, ina rubutawa."

"Ya mai shari'a, suɓutar baki ce. Sabo ne ya..."

"Na ce ka maimaita."

Ya maimaita, da muryar da ba ta kai rabin ta farko ba. Ta rubuta. Ta sa magatakarda ya ɗauko umarnin kwamiti daga fayil ɗin kotu, ya sake karantawa tun daga sama. Da ya zo sakin layi na ƙarshe ta ɗaga hannu ta ce ya rage sauri. Wannan karon kowa ya juyo ya dubi 'Yar Kawu.

"Lauyar wanda ake ƙara, tashi."

Ta tashi, ta dafa benci da hannu biyu.

"Tambaya biyu zan yi miki. Wannan mutumin yana zuwa ofishinki tun bayan umarnin nan? Kuma wa ya rubuta takardar da take gabana? Ki yi tunani kafin ki buɗe baki. Abin da kika faɗa, yau ɗin nan zai tafi gaban kwamiti."

Ba a taɓa jin tsoro irin wanda ta ji ba a tsayuwar nan. Babbar rajista ce ta tsaya mata a ido, mai koren bango, da shafin da ta sa hannu cike da murna. Ta ga wani akawu da bai taɓa ganin fuskarta ba ya ɗora rula a kan sunanta yana jan layi. Idan ta faɗi gaskiya, shi ke nan ita da shi duka. Idan ta yi ƙarya a gaban wannan matar kuma aka gano, ya fi muni.

"Ya mai shari'a," in ji Kawu daga baya, "ina neman izinin magana. Ba a matsayin lauya ba. A matsayin mai laifi."

Alƙaliya ta daɗe tana kallonsa. "Ina rubutawa."

"Yarinyar nan, washegarin ranar da aka karanta umarnin ta karɓe mabuɗin ofis daga hannuna. Na je, ta rufe mini ƙofa. Na sake zuwa, ta sake rufewa. Na roƙe ta da girman renon da na yi mata, ta ce ita sunanta take karewa, in yi haƙuri. Kullum nakan fita daga gida da safe don kada matata ta sani, in wuni a bencin tashar mota, da yamma in koma. Yau ma ce mini ta yi kada in zo. Ni na yi taurin kai."

Wani gunaguni ya tashi a bencin jama'a. Wata tsohuwa ta ja dogon tsaki, kuma ba Kawu ta yi wa ba.

"Jimlar da take cikin takardar fa?" in ji alƙaliya.

"A gidana ta koyi magana, ya mai shari'a. Har tarina take yi."

Ba wanda ya yi dariya. Mutumin nan tunda yake ba a taɓa kama shi da ƙarya a gaban kotu ba, ko waɗanda suka dakatar da shi sun shaida masa wannan. Ga shi yau ya shimfiɗa ta tsaf, babu gargada. Alƙaliya ta rubuta komai, ta karanta masa, ya ce haka ya faɗa. Sannan ta juyo.

"Lauya. Haka ne?"

'Yar Kawu ta ɗan waiga. Bai dube ta ba, agogon bango yake kallo. Amma hannunsa yana kan shingen katako, kuma ta ga ɗan yatsansa ya buga katakon sau ɗaya. Ta san wannan bugun. Haka yake yi idan shaidarsa ya tsaya inda-inda a wurin da ya kamata ya ce e.

"Haka ne, ya mai shari'a."

Bakin alƙalamin ya tsaya a kan takarda. Lauyoyi suka jira jimlar da suka sani. Alƙaliya ta dubi yarinyar, ta dubi tsohon, ta ɗan jima. Ba ta ce a maimaita ba, ta sunkuya ta rubuta.

Daga nan ta yanke abin da za ta yanke. Za a aika kwafin zaman yau ga kwamiti da ofishin babbar rajista. Kawu ba zai sake taka harabar kotun ba, za a ba masu gadi sunansa. Ɗan sandan kotu ya zo ya tsaya kusa da shi, ya rasa yadda zai yi da hannunsa, ƙarshe sai ya nuna masa ƙofa kawai. Kawu ya rusuna wa kotu, ya fita yana ɗan ɗingishi.

"Taswirar nan kuma, Lauya, kina da abin cewa?"

"Ban yarda ba, ya mai shari'a. Ba a nuna mana ita ba."

"An ƙi karɓarta."

Da aka tashi, mai walda ya bi ta har bakin ƙofa. Ta zaci godiya zai yi. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Allah ya kyauta," ya juya.

A lungun bayan ofis ta sami Kawu, zaune a kan babban gwangwanin fenti, kular Inna tana gefensa ba a buɗe ba. Ya zaro mabuɗi daga aljihu ya miƙa mata.

"Karɓi. Tun tuni yake hannunki, haka littafin kotu ya ce."

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata. "Kawu, za su share sunanka gaba ɗaya."

"Nawa ya riga ya sha jan alƙalami. Ni na jawo, ni da taurin kaina, kin yi ta faɗa ban ji ba. Share hawayenki ki saurare ni, yanzu maganar naki ake yi. Kwamiti ba zai tsaya a takarda ba. Za su aiko a yi tambaya. Za su kira mutane su rantsar da su, kuma tunda na ambaci matata, za su iya kiranta."

"To sai mu gaya wa Inna gaskiya, mu ce ta..."

"Innarki? Kin taɓa jin ta yi ƙarya ko ta wasa? Idan ta san gaskiya, gaskiyar za ta zazzage musu, tana ganin wanke ki take yi. Kafin nan ma ta gaya wa duk wanda ya zage ki a gabanta. Ba za ta sani ba. Ba yau ba, ba gobe ba."

"Har yaushe, Kawu?"

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki kular. "Rajista ba ta mantuwa, Lauya. Tafi ki rufe ofis. Ni zan riga ki gida, kada a gan mu tare."

Rana ba ta faɗi ba ta isa gida, amma labari ya riga ta. Tun daga ƙofa ta ga takalma birjik. Ta yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Falo cike da 'yan uwa da maƙwabta, waɗanda suka ga girmanta, waɗanda suka yi guɗa ranar da ta zama lauya. Kawu yana can kusurwa a kujerarsa, kansa a sunkuye. Inna tana tsakiya, idanunta sun yi jawur, kular tana gabanta a buɗe, abincin mutum biyu ba a taɓa ba.

"Yauwa, ga ta nan," in ji Inna. Ta miƙe ta kamo hannunta, ta tsayar da ita a gaban mutane. "Sun zo mini da wata magana. Wai kin kori kawunki. Wai abincin da nake zuba muku kullum in ce ku ci tare, a tashar mota yake ci shi kaɗai kamar marar kowa. Na tambaye shi ya ƙi kallona. Ni kuwa na ce ƙarya ne. Na ce yarinyar da na goya a bayan nan, da na kwana da ita a asibiti, ba za ta yi ba. Ki gaya musu da bakinki, 'yar nan, su tashi su ba ni wuri."

Hannun Inna yana da ɗumi, yana riƙe da nata gam. 'Yar Kawu ta dubi kusurwa. Bai ɗago ba. Ɗan yatsansa ya buga hannun kujera sau ɗaya.

"Haka ne, Inna," in ji ta, can ƙasan maƙoshi.

Inna ta matso da kunnenta, har yanzu ba ta saki hannun ba.

"Ban ji ba. Maimaita."

Ta ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa za su ji, ta maimaita a hankali. Inna ta saki hannunta.